Bayan an naɗe tabarmin makoki

Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san ranar da gida ke yin tsit. A kwana ukun farko ƙofa ba ta rabuwa da masu shigowa suna cewa "ya haƙuri?", kai kuma kana amsawa da "alhamdu lillahi" har bakinka ya saba. Da an yi sadakar bakwai sai a naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. A lokacin ne rashin ke fara cin mutum, ba kuma mai sake tambayarsa. Matar da ke takaba tana da sauran wata huɗu cur tsakaninta da bangon ɗaki.

A irin wannan lokaci nake ganin karanta marsiyya, wato waƙar juyayin mamaci, ko labarin wanda ya yi rashi, yana da amfanin da muke rainawa. Mu mutane ne masu kara. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta yi kukansa a bainar jama'a, namiji kuwa an ce ba ya hawaye. Abin da kara ta hana mutum faɗa, sai ya tarar wani ya riga ya rubuta shi, ya karanta shi kaɗai ba tare da ya ji kunyar kowa ba.

Na san masu cewa wannan fama gyambo ne, kuma rashin tawakkali. Gaskiya addini ya hana kururuwa da yage tufafi. Amma bai hana baƙin ciki ba: ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye, ya bayyana cewa ido na zubarwa, zuciya na baƙin ciki, baki kuma ba ya faɗar sai abin da Allah ya yarda da shi. Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa wadda ta musulunta a zamaninsa, da marsiyyar ɗan'uwanta Sakhru aka san ta. A nan gida ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Wa zai tsaya ya ce Asma'u ba ta san tawakkali ba?

Sai dai marsiyya daban, waƙar wa'azi daban. Waƙoƙin wa'azi da muka taso muna ji a bakin almajirai da makafi suna tsoratar da mai rai ne da kabari da hisabi. Suna da wurinsu, amma wanda ya binne mahaifiyarsa shekaranjiya ba ya buƙatar a tuna masa akwai mutuwa. Yana son wanda ya san yadda ake ji idan aka ga carbinta rataye inda ta saba ajiye shi.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yawancin littattafanmu na hikaya, na takarda da waɗanda ake turawa ta WhatsApp. Mutuwa ta cika su, amma tsintsiya ce kawai: idan kishiya ta tsaya wa labari a gaba, sai hatsarin mota ya ɗauke ta, shafi biyu an wuce wurin, an koma maganar lefe. Da wuya marubuci ya zauna da wanda aka bari, ya nuna mana yaron da har yanzu yake kiran lambar babansa, ko matar da ta zuba tuwon mutum biyu kafin ta tuna.