A Cire wa Maƙwabcin Makaranta Cuta, a Bar wa Yara Filinsu

Gidan kawuna a Gombe yana jingine da filin wasan wata makarantar firamare ta gwamnati. Katangarsa ta baya ita ce iyakar filin, kuma ɗaya daga cikin ƙarafan gola a daidai bayan ɗakin matarsa aka kafa su. Duk wanda ya buga ƙwallo saiti ya ƙwace masa, ko dai ta daki katangar, ko ta dira a kan kwano kamar an jefo dutse, ko ta faɗa tsakar gida. A damina ɗaya ya canza fallen kwano uku. Akwai ranar da ta kifar da tukunyar miya daga kan murhu, Allah ya tsare jikarsa da ke rarrafe a wurin. Duk wannan yana iya shanyewa. Abin da ya hana shi barci shi ne samarin da ke ɗarewa katanga suna leƙe, wani ma ya diro ya ɗauki ƙwallonsa babu sallama, alhali matan gida suna zaune yadda mace ke zama a cikin gidanta.

Ya je wurin hedimasta. Amsar da ya samu ita ce: “Baba, mu da azahar muke sallamar yaranmu. Masu ƙwallon la'asar ba ɗalibanmu ba ne.” Ya je wurin mai unguwa, shi kuma ya ce masa: “Alhaji, ai zuwa ka yi ka tarar da filin nan. Sai haƙuri.” Daga nan dattijo ya fara riƙe duk ƙwallon da ta faɗo, har ya taɓa soka wa ɗaya wuƙa, sai ga mutumin da ya shekara yana raba wa yaran unguwa alewa ya zama wanda suke wa ihu idan ya wuce.

Ina ganin an zalunci kawuna, kuma ina ganin da an biye masa a lokacin da ransa ya ɓaci an rufe filin, da an zalunci yara ɗaruruwa. Mai gida yana da haƙƙin a ɗauke masa cutar da ke zuwa daga filin, kuma wanda ya mallaki filin shi ne zai ɗauki nauyin hakan da aljihunsa. Haƙƙinsa bai kai ga a kashe filin ba.

Mu fara da “zuwa ka yi ka tarar”, domin ita ce maganar da ake rufe bakin mutane da ita. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, shi kuma yana bai wa mutum izinin mallaka. Sashe na 14 na dokar ya ce wanda ke riƙe da wannan izini shi kaɗai ke da iko da filinsa a kan kowa, in ban da gwamna. Ba a ce sai wanda ya riga maƙwabcinsa zuwa ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya kare sirrin mutum da na gidansa. Kafin duk wannan, mu da muka tashi a gaban malamai mun haddace hadisin da ke cewa babu cuta babu cutarwa, mun karanta a Suratun Nur cewa kada a shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama. Malaman Malikiyya ma ba su bar zancen a wa'azi kawai ba, hukunci suka mayar da shi: wanda ya fasa taga tana leƙa tsakar gidan maƙwabcinsa, alƙali zai sa ya toshe ta. Idan taga da ba ta motsi an hana ta leƙe, ina ga saurayi a kan katanga?

An yi irin wannan shari'ar a Ingila a 1977, kuma alƙalanmu kan duba hukuncin can don ƙarin haske ko da bai ɗaure su ba. A wani ƙauye mai suna Lintz an shafe kusan shekara 70 ana wasan kurket, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo mai tauri da sanda, a fili guda. A 1972 aka gina gidaje a gefensa, wasu ma'aurata masu suna Miller suka sayi ɗaya, ƙwallo ta riƙa fasa musu rufi tana faɗawa lambunsu. Masu filin sun ɗaga shinge ya kusa ƙafa 15, sun yi tayin biyan duk ɓarnar da aka yi, amma ƙwallo ba ta daina tsallakowa gaba ɗaya ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa an cutar da masu gidan, kuma zuwansu daga baya bai soke ƙorafinsu ba, ta ba su diyyar fam 400. Amma ta ƙi hana wasan, saboda amfanin da jama'ar ƙauyen ke samu. Abin lura a nan shi ne masu filin sun ɗauki ɓarnar a matsayin tasu tun kafin a je gaban alƙali. A wurinmu kuwa filin ba shi da uba da zarar an kaɗa ƙararrawar tashi.

Nan ne ainihin ciwon yake. Yaran firamare da ke guje-guje lokacin tara ba su ne ke fasa kwano ba, ƙafarsu ba ta kai ba. Ɓarnar tana farawa ne daga la'asar zuwa magariba, lokacin da ƙungiyoyin unguwa suka karɓe filin. Bayan isha'i kuma wasu ke gadonsa, masu zaman duhu da shaye-shaye, kuma duk ɗan Gombe da ya ga zamanin da 'yan Kalare suka addabi gari ya san abin da fili marar katanga da fitila ke zama da dare. Ranar Asabar a ba da shi haya a yi biki da amsa-kuwwa har tsakar dare, kuɗin hayar ya shiga inda ya shiga, maƙwabci mai hawan jini ya kwana idonsa biyu. Hedimasta ya yi gaskiya da ya ce ba ɗalibansa ba ne. Amma filin na hukuma ne dare da rana. Wanda ya bar ƙofar garkensa a buɗe shanu suka shiga gonar mutane, ba zai ce wa alƙali lokacin yana barci ba.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kowane mai gida da ke kuka da filin makaranta ne ke tsaye a kan ƙasarsa ba, kuma wannan ɓangaren ne masu gidaje ba sa son a taɓo. Makarantu da yawa an kafa su ne a zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, a bayan gari, a kan gonakin da mutane suka bayar ko hukuma ta yanka. Iyakarsu bishiyoyin maina ne da shaidar dattawa, babu katanga, babu takarda. Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gari ya buɗe, sannan rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Borno da Yobe suka zo neman matsuguni. Abin da yake daji jiya ya zama tsakiyar unguwa. Ka tuna cikakken filin ƙwallo mita 105 ne a tsaye, 68 a kwance. Idan ka yanka shi fuloti-fuloti na ƙafa 50 da 100, za ka fitar da kusan 15. Dillalin awon igiya ya san wannan lissafin fiye da malamin lissafi. Yau a sare maina guda, gobe a ja katanga taku biyar, jibi a fitar da shago, bayan shekara goma wanda ya saya a hannu na uku ya zo yana rantsuwa cewa ƙwallo na shigo masa gida, alhali ɗakinsa a kan layin kwana yake zaune.

Irin waɗannan sukan kafa hujja da hauzi, wato sun shekara goma a wurin babu wanda ya yi magana. Hauzi yana da ma'ana tsakanin mutum da mutum, inda mai haƙƙi yana gani ya yi shiru. Ni ban ga yadda shirun hedimastan da aka yi wa canjin wurin aiki sau uku zai zama shirun yaran da ba a ma haife su ba. Kuma hadisin da ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai bai ware filin gwamnati ba, duk da yadda muka saba ɗaukar kayan gwamnati kamar na tsintuwa.

Shi ya sa kafin a yi zancen wa ya cuci wa, a kira safiyo. Jihar Gombe tana da hukumar GOGIS da ke tattara bayanan filaye a kwamfuta, Bauchi ma tana da irin tata. Babu aikin da ya fi dacewa da irin waɗannan hukumomi kamar su auna kowace makarantar gwamnati, su dasa siminti a kusurwoyinta, su fitar mata da takarda da sunanta, a manna taswirar a ofishin hedimasta inda kowa zai gani. Wanda aka samu ya shiga filin, ya fita ko a daidaita da shi a fili a gaban jama'a. Wanda aka samu makaranta ce ta shiga nasa, kuma hakan na faruwa idan aka zo gina sababbin azuzuwa, to sashe na 28 da na 29 na dokar 1978 da sashe na 44 na tsarin mulki sun bayyana hanya: a karɓa don amfanin jama'a bisa ƙa'ida, a biya diyya. Turo ɗan kwangila ya fara haƙa tushe a fulotin mutum ba ya cikin ƙa'idar.

Idan iyaka ta fito, sauran aikin ba shi da tsada yadda ake zato. Sau da yawa juya filin kawai ake buƙata, gola ta daina kallon gidajen mutane ta kalli azuzuwa ko titi marar cunkoso. Inda ba zai juyu ba, a kafa dogayen ƙarafa a ɗaura ragar waya a bayan gola. A yi ƙofa da makulli, makullin ya zauna a hannun wanda aka sani, kowace ƙungiyar ƙwallo ta rubuta sunan shugabanta a wurin kwamitin makaranta, a tashi da kiran magariba. Idan an fasa kwano a san wanda zai biya a cikin mako, kuma kuɗin hayar biki, in har za a ci gaba da bayarwa, a fara cire na gyaran ɓarna daga ciki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, jihohi suna ƙara nasu kason su karɓa. Katanga da raga ba su fi ƙarfin wannan asusu ba. Makaranta mai zaman kanta kuwa, mai ita ke karɓar kuɗin zango, shi zai saya.

Ina ba duk mai irin wannan matsala shawarar kada ya fara da kotu. Rikicin fili mai takardar gwamna a cikin birni Babbar Kotun jiha ce ke sauraronsa, kuma kafin a gama ɗage zama yaron da ya fasa tagar ya yi aure. Ya ɗauki hoton ɓarnar da wayarsa, ya ajiye rasit, ya rubuta takarda ga makaranta ya riƙe kwafi, sannan a zauna gaban hakimi ko dagaci da kwamitin makaranta da shugabannin samarin, a rubuta abin da aka amince kowa ya sa hannu. Sulhun baka shi ne wanda ake mantawa da zarar an canza hedimasta. Kuma don Allah kada ya fasa ƙwallon yara. Kayan wani ne, kuma ranar da ya yi haka ya mayar da kansa wanda ake ƙara.

Dalilin da ya sa na dage a bar filin shi ne na san abin da ya rage wa yaro a Jekadafari ko Bolari ko Herwagana idan aka ɗauke shi. Lungu ne da babura ke ratsawa, sai bakin kwari da ke cin ƙasa duk damina. Filin wasa na Pantami ba zai ɗauki yaran gari duka ba, kuma ba kowane uba ne zai bar ɗan shekara 10 ya tafi can ba. Filin makarantar nan dai a nan ake sallar idi a wasu unguwanni, a nan ake kafa akwatin zaɓe, a nan iska ke ratsowa ta shiga gidajen da ke kuka da shi a watan Afrilu. Ranar da aka yanka shi, abin da zai maye gurbinsa shaguna ne da injin niƙa da janareto, ko bene mai hawa biyu da tagoginsa ke kallon tsakar gidan kowa.

A unguwar kawuna an yi zaman a zauren dagaci. Shugaban samarin ya durƙusa ya ce: “Baba, a yafe mana, ba mu san abin ya kai haka ba.” Su da kansu suka tone ƙarafan gola suka juya filin, kawu ya fito da ƙwallo huɗu da ya tara ya mayar musu, ya biya kuɗin wadda ya fasa. Yanzu ƙwallo takan faɗo jefi-jefi, sai a turo ƙaramin yaro ya yi sallama a ƙofar gida a miƙo masa. Ragar da aka rubuta a takardar sulhu kuwa har yau ba a kafa ta ba, kuma kuɗin fallen kwano ukun nan daga fanshonsa suka fita, babu wanda ya mayar masa.