Tsohon Bogia ya kashe min baki

Jama'a wani abu ya same ni ranar Asabar da har yanzu yake cin raina. Shekarata shida ke nan ina aiki a Madang, ƙasar Papuwa Niyu Gini, can saman Ostireliya. Abokin aikina ya gayyace mu ƙauyensu a yankin Bogia, muka kama titin bakin teku ni da yarona ɗan shekara takwas, teku a dama gonakin kwakwa a hagu, tafiya ta ƙi ƙarewa har sai da muka hango tsibirin Manam yana hayaƙi, dutse ne mai aman wuta, shi ne ya yi bore a 2004 aka kwaso dubban mutane aka zube su a gaɓar nan ta Bogia.

Muna sauka aka miƙo min buai. Shi ne goronsu, amma wane goro, sai an haɗa da wani ɗan tsiro da suke kira daka a dangwala a farar ƙasa ta bawon kodi, baki ya yi ja zur kamar an yanka kaza a ciki. Na ce na gode, ina da ciwon haƙori.

Kawun abokin nawa, tsoho tukuf, ya tambaye ni da Tok Pisin, yaren gama-gari na ƙasar, wai mene ne tok ples ɗina, wato yaren garinmu. Ni kuwa abin nema ya samu. Na ce Baba, Hausa sunansa, miliyoyin mutane, daga Kano har Agadas har zangon Kumasi, BBC ma tun 1957 take labarai da shi. Ya ce nasu Monumbo, ɗan uwansa na kusa shi ne Lilau, nan kusa da su, kowanne masu jinsa 'yan ɗaruruwa ne. Wai fadan coci Jamusawa sun rubuta nahawunsa tun 1914. Wallahi dariya ta kusa ƙwace min, a raina na ce layi ɗaya a Fagge ya fi su yawa.

Sai tsohon ya yafito yarona, ya nuna kofi ya ce faɗa min sunan wannan abin na ciki da yaren babanka. Yaro ya kalle ni, ya kalli kofi, ya ce wara, da Tok Pisin ke nan. Ruwa fa! Tsoho ya tofar da jan yawunsa gefe ya ce jikokinsa ma haka suke. Shi ke nan abin da ya ce.

A hanyar dawowa abokina ya ƙara min gishiri, wai ai ya ji abin da Tok Pisin ke yi wa Monumbo shi Hausa ke yi wa ƙananan yaruka a Bauchi da Filato. To ban ce ƙarya ba ne, na yi makaranta da yaran da kakanninsu kaɗai ke jin yaren gidansu. Amma dan Allah kar a haɗa. Tok Pisin a gonakin Turawa aka haife shi, yawancin kalmominsa Turanci ne da aka lanƙwasa, mu kuwa muna rubutu da ajami tun kafin Bature ya san hanyar Sakkwato. Kuma ƙasa mai yare sama da 800, kowa na riƙe da wantok ɗinsa, wato ɗan yarensu, aiki wantok, bashi wantok, rigima wantok, ni dai ban ga abin sha'awa ba. Na yarda suna da abu ɗaya, mutum ya san ƙasar kakansa har itacen da ke kan iyaka. Amma a bar ni da yaren da zan sayi goro da shi a Yamai in yi cinikin shanu da shi a Garwa.

Sai dai duk wannan cika bakin a mota na yi shi, da Turanci, yaron na baya yana barci. Ni da uwarsa duk 'yan Zariya ne, ba wanda ya hana mu yi masa Hausa, makaranta ce muka ce kar ya rikice.

Jiya da daddare na kira Hajiya, awa tara ne tsakaninmu, su lokacin ana shirin azahar. Na ba yaron waya ya ce ina kwana, ta yi ta zuba masa kirari tana tambayarsa karatu, ya yi shiru ya miƙo min. Ta ce kai wai yaron nan kunya ce ko ba ya ji ne? Na ce netwok ne Hajiya. Tun safe nake duba kuɗin jirgi, in hutun Disamba ya zo can zan kai shi ya zauna wajenta, uwar ba ta sani ba tukuna.