Lissafin Dokin Rano a Zauren Baffa

Zauren Baffa ne, bayan la'asar. Tanko, malamin firamare, ya baje littafin rubutu a kan tabarma, biro a bayan kunne. Mati abokinsa, Bazazzagi, ya riƙe waya zai yi lissafi. Gwaggo Asabe ta miƙe ƙafa tana ɓare goro. Iya, kakar Tanko, tana bakin ƙofa da carbi. An ce kunnenta ya yi nauyi.

Tanko: Baffa, Gwaggo, na tara ku ne don a yi abin nan a tsare. Naira 1,500,000 ce a hannuna. Na ɗauki adashe, na sayar da babur, na haɗa da ɗan abin da na tara. Ba na so a wuce nan ko da kwabo.

Gwaggo: Madalla. Wannan na akwatunan ne, ko har da abin da za a zuba a ciki?

Tanko: Na auren ne gaba ɗaya, Gwaggo.

Gwaggo: (ta ajiye goro) Mati, lafiyar abokinka ƙalau kuwa?

Mati: Ai Bakano ne, Gwaggo. Da an ce ya zura hannu aljihu sai zazzaɓi ya rufe shi.

Tanko: Kai Bazazzagi, lissafi na ce ka yi, ba sharhi ba.

Baffa: To a fara da bismillah, a fara da abin da shari'a ta sani. Sadaki. Mafi ƙarancinsa a wurinmu Malikawa rubu'in dinari ne. Wani sahabi ma ce masa aka yi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Auren da ya fi sauƙi shi ya fi albarka.

Gwaggo: Yaya, in zoben ƙarfe za a kai, kai za ka kai shi. Ni a gida za ku bar ni.

Mati: Rubu'in dinarin ma, Baffa, giram ɗaya ne da ɗan ɗoriya na gwal. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 dala ta kama gudu, gwal ya bi ta a baya. Yanzu mafi ƙarancin ma sai mutum ya yi gyaran murya kafin ya faɗa.

Tanko: Rubuta 200,000.

Iya: Nawa?

Gwaggo: Iya, ashe kina ji?

Iya: Fam uku kakanku ya biya a kaina, ga ni har yau ban ƙare ba. Wace ce wannan mai dubu ɗari biyu? Haƙorin Makka gare ta?

Tanko: Iya, ci gaba da lazimi.

Gwaggo: To a zo kan magana. Lefe. Akwati shida da kit. Atamfa turmi ashirin, biyar a ciki Super. Leshi takwas, shadda huɗu, mayafai kowane da takalminsa da jakarsa. Kayan shafa akwati guda. Sarƙa da ɗankunne na gwal. Turmin uwa, shaddar uba, da na kakanninta.

Tanko: Akwati uku, atamfa takwas.

Gwaggo: Uku! Kai ka taɓa zama inda ake buɗe lefe? Tsakar gida ake shimfiɗa tabarma, a jera akwatunan, wata mai ƙatuwar murya ta zauna tana ɗaga turmi ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, har na bayan katanga su ji. Wata ta juya bakin zanen ta karanta tambari, wata ta murza shi tsakanin yatsu ta ji ko roba ne, wata ta ɗaga sarƙar ta auna a tafin hannu ta taɓe baki. Kafin magariba unguwa uku sun san kuɗinka. Ni da fuskata za a kai akwati uku?

Mati: Akwai dabara. A yi hayar akwatuna shida, a shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, a ɗora atamfa a sama.

Gwaggo: A Zariya haka kuke yi?

Mati: A Kano na koya.

Baffa: Da ya ji maganata, tun bara yake shiga Kantin Kwari yana sayen turmi ɗaya duk ƙarshen wata, a farashin sari, yana ajiyewa wurin uwarsa. Da yanzu ya tara goma sha biyu bai ji a jikinsa ba.

Tanko: Na fara, Baffa. Turmi huɗu na ajiye.

Gwaggo: (tana gyara ɗaurin ɗankwali) Ai biyun ba su dace da amarya ba, launinsu na manya ne.

Tanko: Gwaggo, wannan zanen na jikinki…

Gwaggo: Mati, rubuta lefe 1,800,000.

Tanko: Wai me ya sa kika dage a kan shida?

Mati: Ba ka san tukwici da nauyin akwati yake tafiya ba? Waɗanda suka kai lefe su ake ba kuɗi da kaji da cincin. Wa kake jin zai shiga gaban mota ranar?

Gwaggo: Yaron nan bakinsa ba linzami. Ni don mutuncin gidan nan nake yi.

Baffa: Kun bar muhimman abubuwa kuna ta zane. Gwajin asibiti fa? Tun 2024 doka ce a Kano, ba a ɗaura aure sai an ga takardar gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da na sikila. Ni ba zan tsaya gaban liman ba takarda ba. Sannan a ina za ka ajiye 'yar mutane? Mai gida kuɗin shekara zai ce, dillali ya karɓi la'adarsa, ga fenti, ga gyaran banɗaki. Iyayenta za su zo su auna ɗaki saboda gado da sif da kujeru. In suka zo suka tarar ba ɗaki, tsakar titi za su auna?

Tanko: Na ware 400,000 na haya.

Mati: A wace unguwa? In a cikin gari ne, wannan kuɗin zaure ne da rabin rijiya.

Tanko: Can bayan gari.

Mati: Kai da ka sayar da babur. Da me za ka riƙa zuwa makaranta?

(Shiru. Tanko ya zare biro daga kunne, ya dube shi, ya mayar.)

Mati: Ni da na ce ka jira auren gata. A 2023 gwamnati ta aurar da mutum 1,800 da matansu. Sadaki, gado, katifa, kayan abinci, har da jari ga amarya.

Tanko: A ina ake rajista?

Gwaggo: La'ilaha illallahu! Ɗan yayana a layin Hisbah? Sai dai bayan raina.

Tanko: Gwaggo, a wannan lissafin naki ni zan riga ki.

Mati: To mu zo kan ɓangarena. Dina. Hol, mai kiɗa, mai gabatarwa, mai hoto da bidiyo, ankon abokan ango, sababbin kuɗin liƙi, motocin kai amarya da mansu, kuɗin sayen baki da kajin daren farko.

Baffa: A soke dina. Bidi'a ce da almubazzaranci. Sunna ita ce walima, ko da akuya ɗaya ce.

Tanko: Allah ya ƙara wa Baffa lafiya! Mati, soke dina, rubuta akuya ɗaya.

Baffa: Sai dai na riga na sanar a masallaci. Na kuma aika wa mutanenmu na ƙauye, mota biyu za su zo. Ga almajiraina, ga 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa. Ba za su wuce mutum 300 ba.

Tanko: Akuya ɗaya, Baffa?

Baffa: "Ko da" aka ce. Ba a hana sa ba. Rubuta sa, da shinkafa buhu biyu daga kasuwar Singa. Kuma wakilin ango ba ya karɓar aure da tsohuwar riga, a sa min shadda yadi goma da aiki.

Mati: Gwaggo, ashe sunnar ma da farashinta.

Baffa: Kai, yi wa manya ladabi.

Mati: To dinar fa? An soke da gaske? Na riga na kai ɗinki.

Gwaggo: A bar ta, a canza mata suna. A ce liyafa.

Baffa: In liyafa ce babu laifi.

Tanko: Mati, nawa muka kai?

Mati: Da goro da alawar ɗaurin aure, da katin gayyata, da rumfa da kujeru… 4,870,000.

Tanko: Innalillahi.

Gwaggo: Kwantar da hankalinka, ai akwai gudummawa. (ta zaro wani tsohon littafi daga jaka, bangonsa duk manja) Shekara talatin ina yi wa mutane biki, duk a rubuce. Ai biki bashi ne, wadda ka ba ɗari sai ta dawo da ɗari biyu. Mati, karanta.

Mati: "Hajiya ta gidan kan kwana, naira 50 da kwano, 1994."

Gwaggo: Allah ya jiƙanta. Wuce.

Mati: "Matar mai nama, naira 200."

Gwaggo: Ta yi yaji ba ta dawo ba. Wuce.

Mati: "Ta Sabon Titi, 5,000 da turmi."

Gwaggo: Yauwa, wannan tana nan da ranta. Dubu goma za ta kawo, ko ta ji ni a ƙofar gidanta.

Tanko: To in sa 10,000 a ɓangaren shiga?

Gwaggo: Shiga ina? Kai ka ba ta? Kuɗina ne ke dawowa.

Tanko: (ya buɗe sabon shafi) To ku tsaya. Mun rubuta kwana bakwai na biki. Kwana na takwas fa? Gawayi, kuɗin cefane, ɗan garuwa, katin wuta. Albashina ko wata ba ya kaiwa, ga zubin adashen da na ɗauka saura wata goma.

Gwaggo: Gara za ta zo. Shinkafa, taliya, mai, dubulan, alkaki, nakiya. Sai ku yi wata biyu ba ku je kasuwa ba.

Mati: In dai waɗanda suka kai lefe ba su dawo rabon gara ba.

Gwaggo: Ai dangin ango da kasonsu, al'ada ce.

(Wayar Tanko ta yi ƙara. Ya karanta, ya miƙa wa Mati ba tare da ya ce komai ba.)

Mati: Amarya ce. Wai ƙawaye sun yi lissafin kuɗin lalle da gyaran jiki da kwalliyar kwana uku, za su zo da kansu gobe. Ta kuma ce babanta yana zaune da littafi tun azahar, an gaya masa kuɗin kujeru, yanzu ana yi masa fifita.

Baffa: To ni ga shawarata. A ɗaga zuwa bayan Babbar Salla, kowa ya numfasa.

Tanko: Na yarda.

Gwaggo: Na yarda ni ma. Sai dai kafin nan kaya sun tashi. Mati, ƙara kashi ashirin a kan komai.

Iya: Kai mai gidan.

Tanko: Na'am, Iya.

Iya: Tun ɗazu nake sauraro, ban ji an ambaci nawa ba. Shekara talatin da biyu ina zaune da kai, ban taɓa yaji ba. Za ka yi min kishiya, ina kayan faɗar kishiya?

Tanko: Iya, wasan jika da kaka ne fa.

Iya: A wasan ma Super nake ɗaurawa. Ɗan Zazzau, rubuta turmi biyu.

Mati: Caji ya ƙare, Iya.

Iya: Ga gawayi nan, rubuta a bango.