Yamaguchi mai lamba 12: nasiha ga masu raina kansu

Ƙannena maza da mata, duk wanda ya karanta Haikyuu!! a cikinku, ko ya kalle shi a waya, in na ce ya lissafo min mutum biyar daga ƙungiyar Karasuno, na san inda bakinsa zai nufa. Hinata, Kageyama, Nishinoya, Tanaka, Tsukishima. Sai an yi masa tuni sannan ya ce, "Au, ashe da Yamaguchi." To a kan wannan na "au ashe" ɗin nake son mu zauna yau, don na ga irinsa da yawa a cikinku, kuma ni kaina na daɗe sanye da rigarsa.

Ga wanda bai san labarin ba: manga ne, wato littafin zane na Japan, wanda Furudate Haruichi ya riƙa fitarwa a mujallar Shonen Jump daga 2012 zuwa 2020, aka tara shi a littafi 45. Labarin 'yan ƙwallon raga ne na wata makarantar sakandare mai suna Karasuno a lardin Miyagi. Yamaguchi Tadashi ɗan ajin farko ne, lambar rigarsa 12. Su huɗu suka shigo ƙungiyar a shekara ɗaya. Uku sun samu gurbi cikin masu fara wasa, shi kaɗai aka bari a gefen fili yana tafi.

Tun yana firamare aka karya shi. Yana da ɗigo-ɗigo a fuska, ga shi ba ƙarfi, yara suka mai da shi abin tsokana, har su ɗora masa jakunkunansu. Wata rana suna cikin yi masa haka yana kuka, wani dogon yaro ya zo wucewa, ya dube su sheƙeƙe, ya yar musu da kalma ɗaya mai nufin "abin kunya", ya yi gaba. Wannan yaron shi ne Tsukishima. Bai ɗaga shi ba, bai share masa hawaye ba, kalmar ma tana iya haɗawa da shi mai kukan. Amma tun daga ranar Yamaguchi ya liƙe masa.

Ku lura da yadda liƙewar ta kasance, don a nan ciwon ya fara nuna kansa. Farkon fitowarsa a labarin, Yamaguchi ba abin so ba ne. Ɗan amshin Shata ne. Tsukishima ya yi wa wani baƙar magana, shi kuma ya ƙyalƙyale da dariya daga bayansa. Ana maganar tsawo, shi ne zai yi caraf ya sanar da jama'a cewa abokinsa santimita 188 ne, ya kusa 190. Tsawon wani yake taƙama da shi! Shi kuwa mai tsawon ya juyo ya ce ya rufe masa baki, nan take ya ce a yi haƙuri. Haka suke, kullum: yi min shiru, yi haƙuri, yi min shiru, yi haƙuri.

Mu kan ɗauka mai raina kansa shi ne wanda ya takure a lungu ba ya magana. Akwai irin wannan, amma wanda ya fi yawa shi ne mai surutu da bakin wani. Ka same shi a majalisa, labarinsa duka "abokina wane ya sayi kaza", "ogana ya san wane". Ka tambaye shi, to kai fa? Sai ya sosa ƙeya. Wani ma har cizo yake yi, muddin akwai bayan da zai ɓuya. Yarinya ta tare wa ƙawarta faɗan da ba nata ba, ta zagi wadda ba ta taɓa yi mata komai ba, don kawai kada ƙawar ta sauke ta. Wanda aka taka yana ƙarami, in bai yi hattara ba, zai girma yana riƙe wa mai taka wasu takalmi, kuma yana kiran abin amana.

Abin da ya fara ceton Yamaguchi shi ne zaman gefen fili ya ƙona masa rai. Bai ce "haka Allah ya yi ni" ya miƙe ƙafa ba. Ya duba ya ga ba shi da tsallen Hinata, ba shi da hannun Kageyama, ba shi da tsawon abokinsa. Sai ya hango abu ɗaya. A wani wasan gwaji da tsofaffin ɗalibai, ya ga wani mai suna Shimada Makoto yana wani irin sabis, wato bugun da ake buɗe wasa da shi. Ana ɗan tsalle ne a mari ƙwallon a tsakiyarta yadda ba za ta juya ba ko kaɗan. Ƙwallon da ba ta juyawa iska ke wasa da ita, ta yi dama ta yi hagu, ta faɗo inda mai tarba bai zata ba. Shimada ba koci ba ne, kanti yake tsaro. Yaron nan mai jin nauyin kowa ya taka har kantin ya ce a koya masa. Ya riƙa zuwa bayan an tashi atisaye, dare bayan dare.

Ga yadda aikin irin wannan ɗan wasa yake, don ku gane nauyinsa. Ana ajiye shi a gefe, jikinsa a sanyaye, sai wasa ya yi zafi a kira shi ya karɓi sabis a madadin wani. In ƙungiyarsa ta ci makin, ya sake bugawa. In ta rasa, ya koma inda ya fito. Wata da watanni yana wahala saboda daƙiƙa kaɗan, kuma idon kowa a kansa.

Ranar farko da aka kira shi, a turmi na uku na karawarsu da Aoba Johsai, hannunsa na rawa, ya cilla ƙwallon bai cilla daidai ba, ya buga ta daki raga ta faɗo gefensu. Karasuno ta sha kashi a wasan. Kowa ya karanta wurin nan sai ya tausaya masa, kuma yawancin masu ba da labarinsa a nan suke tsayawa su yi tsalle zuwa ranar nasara. Ni kuwa a ganina faɗuwarsa ta gaskiya tana gaba.

Bayan watanni, a wasansu da Wakutani Minami, aka sake kiransa. Bugun farko ya shafi raga, da ƙyar ya tsallaka. Gabansa ya faɗi. Da ya zo na biyu sai ya ajiye abin da ya sha wahalar koyo, ya yi sabis na lallaɓa, irin wanda kowa zai iya, don dai ƙwallon ta tsallaka lafiya. Ta kuwa tsallaka. Babu maki da aka rasa ta dalilinsa. A takarda bai yi laifin komai ba. Amma koci Ukai ya taso a fusace zai yi masa faɗa, sai Ennoshita, wani ɗan ƙungiyar da ke gaba da Yamaguchi a aji, ya tare shi ya nuna masa cewa yaron ya fi kowa sanin abin da ya aikata. Ennoshita ya san zancen, don shi ma ya taɓa gudu daga atisaye lokacin da horo ya yi tsanani, daga baya ya dawo da kunyarsa.

Ku tsaya a nan da ni. Me ya sa koci bai yi fushi ranar da ƙwallo ta daki raga ba, sai ranar da ta shiga? Saboda an sa shi a fili ne don bugu ɗaya tak da babu mai yinsa sai shi. In sabis na lallaɓa ake so, wanda aka cire ma zai iya. Da ya zaɓi lallaɓawa, da hannunsa ya soke dalilin sa shi. Ranar farko ya gwada ya kasa. Rana ta biyu ya kare kansa daga kunya, ya bar ƙungiya da abin da ba ta aike shi ba.

Wannan shi ne raina kai da ya fi ba ni tsoro, don ba a kama mai shi da laifi. Ni shekara kusan uku na yi a shagon ɗinki ina guga da sa maɓalli. Na iya awo, na iya zana da alli, na sha yanka takardar siminti a gida har na ƙware. Wata rana ana saura kwana tara Sallah, aiki ya yi mana yawa, ogana ya shimfiɗa wata farar shadda a tebur, ya miƙo min almakashi ya ce, "Yanka min kaftanin nan." Na dubi shaddar, na tuna kuɗinta, na ji tafin hannuna ya jiƙe. Na ce, "Oga, bari dai yayana ya yanka, ni sai in haɗa." Ya dube ni jim, bai ce komai ba, ya miƙa wa wancan. Ban ɓata yadin kowa ba ranar. Har wani baƙo da ke zaune ya yaba, wai yaron nan yana da ladabi. Amma sai da aka shekara kafin almakashin nan ya sake zuwa hannuna, kuma wanda ya zo bayana da wata takwas ya riga ni zama a keken gaba.

Kun ga inda muke ruɗewa? Mun taso a gidajen da ake yabon kunya da kawaici, kuma abin yabo ne. Sai tsoro ya samu wurin fakewa. Malam ya yi tambaya a aji, ka san amsa, ka yi shiru, ka ce wai ba ka son nuna kai. An buɗe neman gurbin karatu, kin cika sharuɗɗa, kika ƙi cike takarda, wai "irinmu wa zai ɗauka". Ku tambayi kanku tsakani da Allah: tawali'u ne, ko gudun a gan ka ka faɗi? Mai tawali'u ya san abin da ya iya, yana yi, ba ya dai cika baki. Mai raina kansa kuwa yana binne abin da Allah ya ba shi, sannan ya zauna a kan kabarin yana jiran a yaba masa haƙuri. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ce kunya ba ta zuwa da komai sai alheri, shi ne kuma ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Duk "kunyar" da ta hana ka abin da zai amfane ka, sake duba sunanta.

Akwai wani wuri a labarin, kafin wasan Wakutani, da bai kamata in tsallake ba. A sansanin atisayen bazara, kowa na ƙarin horo da dare, Tsukishima na yin iya wanda aka wajabta ya tafi. Yana da dalilinsa: yayansa Akiteru ya taɓa ba ƙwallo ransa duka, ya riƙa ce masa shi ne gwarzon Karasuno, ranar da suka je kallo suka hango shi cikin masu tafi, ko benci bai samu ba. Yamaguchi yana wurin ranar. Tun daga nan Tsukishima ya yanke cewa wahala a kan abin da ba za ka zama na ɗaya ba wauta ce. Ashe dogon ma raina kansa yake, ya dai lulluɓe nasa da gatse da ɗaga hanci. Daren nan Yamaguchi ya bi shi da gudu, ya ce masa halinsa na kwanan nan abin kunya ne, kalmar da ta haɗa su tun suna yara. Da Tsukishima ya tambaye shi me ke tura su alhali kullum akwai wanda ya fi su, sai ya ci kwalarsa ya daka masa tsawa cewa in ba don mutum ya ji ya isa a idon kansa ba, don me kuma? Ɗan amshi ya karɓe waƙa. Kuma abotar ba ta mutu ba, ranar ma ta zama abota. Don haka ku daina auna kanku da wanda kuke ɓuya a bayansa. Ba ku san abin da shi yake ɓoyewa ba.

Amma ku lura, wannan tsawar ta riga sabis ɗin lallaɓa. Wato mutum ya iya faɗa wa wani gaskiya da ƙarfi, ya zo kan nasa ya noƙe. Na ji daɗin da mai zanen bai yi mana ƙarya a nan ba. Ciwon shekara goma ba ya warkewa da jawabin dare ɗaya.

Bayan wasan Wakutani, Yamaguchi bai jira a lallashe shi ba. Shi ya je ya roƙi koci a sake ba shi dama. Wannan roƙon ya fi min duk makin da ya ci daga baya, don mai raina kansa ya fi son a manta da shi bayan ya yi abin kunya. Aka sake haɗuwa da Aoba Johsai, waɗanda a gabansu ya fara faɗuwa, Karasuno na baya a turmi na biyu, aka kira lamba 12. Ya yi tsallensa, ya yi bugunsa, maki suka riƙa zuwa a jere har aka kamo su. 'Yan kallo na mamaki, Tsukishima ya ce babu abin mamaki, wata biyar ke nan babu wanda ya kai shi atisayen sabis. Turmin ma a ƙarshe ba su ci ba, sai a na uku suka yi nasara. A shekararsu ta uku kuwa, cikin su huɗun nan, Yamaguchi aka ba kyaftin.

Kada ku ɗauka tsoron ya tafi. Shimada ya koya masa ya riƙa samun abu ɗaya a zauren wasa da zai kafa wa ido kafin ya buga, don zuciyarsa ta dawo wurinta. A gasar ƙasa a Tokyo ya zaɓi alamar ƙofar fita. Ranar wasansu da Inarizaki aka kira shi, ya ɗaga kai, 'yan kallo sun tare alamar. Yaron da ya riga ya yi suna da sabis ya fara rikicewa kamar ranar farko. Sai ga Shimada can sama cikin jama'a, ya sha gudu yana haki, ya ɗaga ledar kantinsa mai hoton alade. Yamaguchi ya kafa mata ido, ya ja numfashi, ya cilla ƙwallon, ya yi tsalle.