Kafin ka dasa inabi, ka tuna da gara

Tun da aka fara yayin dasa inabi a garake nake jin mutane suna ta cacar baki kan iri da taki. Ba mai maganar dirkar da za ta riƙe rumfar inabin. Ni kuwa a nan na sha wuya.

A garkarmu ta wajen Mirriya da itacen turare na kafa rumfar farko, don yana da araha kuma miƙaƙƙe ne. Wani ya ce in shafa wa gindin baƙin mai. Na shafa. Sai a shekara ta 3, daidai lokacin da inabin ya fara 'ya'yan kirki, iskar hadarin farko ta watan Yuni ta kwantar da layi biyu. Da na kama dirka ɗaya na ja, a hannuna ta tsinke. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa ƙasa ce zalla, gara ta gama aikinta. Baffana ya duba ya ce, “Ɗana, ai ka yi wa gara walima.”

Inabi ba tumatir ba ne, yana haura shekara 20 a wuri ɗaya, kuma kullum gindinsa a jiƙe. Me gara take so da ya wuce itace a ƙasa mai laima?

Za a ce azarar giginya ko kirya. Gaskiya ne, gara ba ta cika samun sa'arsu ba. Amma nawa suka rage? Kuma ka sara ba takarda ka ga yadda za ku kwashe da ma'aikatan gandun daji.

Ƙarfe yana da ƙarko, sai dai inda ƙasa ke da kanwa tsatsa na cin gindinsa, ga ɓarayin ƙarfe da ba sa barci.

Ni dai siminti na zaɓa, da rodi a ciki, a nan garka magini ya zuba mini. Da nauyi, ga tsada, ban musa ba. In jikkunanka ba su kai ba, ka zuba na bakin layi kawai, don su ke ɗaukar jan wayar da inabin ke bi. Ka binne su da zurfi, kamu biyu aƙalla, ka ɗan karkata su waje, ka tokare. Na tsakiya ko turare ne ka sa, in gara ta ci ɗaya ka zare ka sauya, layin na tsaye.

Nawa na siminti sun ga damina 4 yanzu. Waya kawai nake ƙara ja.