Mun iya jana'iza, amma ina muke lokacin jinya?

Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata, ku yi haƙuri, maganar yau tana da nauyi.

Ku dubi yadda muke yi in ɗan'uwa ya rasu. Kafin gari ya waye an kafa rumfa, an jera kujeru, mawaƙa sun sa anko, shugabanni sun cika sahun gaba. Alhali bawan Allahn nan wata huɗu ya yi a kwance. Matarsa ce ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ta sayar da akuyarta ta sayo allura. A cikin watannin nan, wane dattijo ne ya taka ƙofar gidan? Da rabin kuɗin akwati da abincin baƙi ya iso tun yana numfashi, da ya ga likita a kan lokaci.

A Ezekiyel sura 34, Ubangiji bai tuhumi makiyayan Isra'ila da rashin iya magana ba. Laifinsu shi ne ba su ƙarfafa raunana ba, ba su kula da marasa lafiya ba, ba su ɗaure karyayyu ba, ba su nemo waɗanda suka ɓace ba. Bulus kuwa ya tuna wa dattawan Afisa cewa gida gida ya bi su, shekara 3, dare da rana, har da hawaye. Mu fa? Saƙon WhatsApp ɗaya, "Allah ya ba da sauƙi", shi ke nan mun sauke nauyi.

Na san fasto shi kaɗai ba zai iya ba, balle na ƙauye da albashinsa ke makara, babur ɗinsa ba mai. Shi ya sa ake da dattawa. A raba gidajen ikkilisiya a tsakaninsu, kowa ya riƙe goma ko sha biyar, sunaye a rubuce. Wanda ba a gani ba Lahadi biyu a jere, a kira shi. Ta uku, a je da ƙafa, domin zumunci a ƙafa yake. Majalisar ikkilisiya kuma ta ware kuɗin mai na ziyara kamar yadda take ware na janareta.

Ita ziyarar ma tana da ladabinta, kuma nan ne da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Kada ku sauka gidan talaka lokacin cin abinci, zai ci bashi ya sayo muku lemo don kunya. A asibiti minti ashirin ya isa, mara lafiya ba ya bukatar wa'azin awa guda. Bayan addu'a ku tambayi mai jinya a gefe: ina takardar magani, an saya duka? Sau da yawa tana nan a ninke ƙarƙashin matashi, an sayi rabi an bar rabi. Ku tambaya wa ke kwana da shi, wa ke dafa wa yaran da ke gida. Tsohon da ƙafa ta hana shi zuwa sujada, a kai masa Jibin Ubangiji har ɗakinsa. In mace ce ita kaɗai, dattijo ya tafi da matarsa ko wata daga Zumunta, kada a ba masu tsegumi abin faɗa.

Abin da kunnenka ya ji a ɗakin, ya tsaya a ɗakin. Kada ya zama misalin wa'azin Lahadi, kada ya fito a bagade da sunan "a sa su a addu'a" ba da izininsu ba. Hoton buhun shinkafa da gwauruwa a tsaye tana sunkuyar da kai, don Allah a daina sa shi a Facebook. Cin mutunci ne.

Gwauraye kuwa, ranar da aka kwashe rumfa ne bukatarsu ke farawa. A koma bayan mako biyu. A koma lokacin biyan kuɗin makaranta, da tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba. In dangin miji sun fara zancen gona da gida, dattawa su zauna kusa da ita a wurin maganar. Manzanni da kansu, da aka yi gunaguni an manta da wasu gwauraye wajen rabon abinci, sai da suka sa aka zaɓi mutum 7 musamman don aikin. Asusun taimako ya zama daban, mutum biyu ke sa hannu, kuma kada a ranto shi don rufin sabon gini da cewa za a mayar. Ba a cika mayarwa ba.

Sai mu tambayi kanmu tsakani da Allah: gidan mai ba da zakka mai kauri sau nawa muka je a bana, gidan mai sharar majami'a sau nawa?

Baba, akwai wanda kujerarsa ta daɗe ba kowa, kuma ka san sunansa. Kada ka jira Lahadi. Ka je yau, ina roƙonka saboda Almasihu, ka je.