Hutun jirgin ƙasa da ya ƙare a tashar mota

Tun watan azumi na yi wa yara alkawari cewa idan an ba su dogon hutu za mu zaga ƙasa a jirgin ƙasa: Kaduna, Abuja, Ibadan, mu dire a Legas su ga teku. Daren Juma'ar da ta wuce na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko biro da kalandar bara na kifa ta, wai zan tsara inda za mu fara da inda za mu yada zango. Wallahi har yanzu raina bai huce ba.

A layin farko na cije. Muna Kano, jirgin zamani kuwa a tashar Rigasa ta Kaduna ya ci burki. Tun 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kaduna zuwa Kano, mu dai har yau sai a hoto. Ke nan yawon jirgin ƙasa a tashar mota zai fara, mu shida da jakunkuna, sama da kilomita 200. Rigasar ma ba a tsakiyar gari take ba. Mai son jirgin safe dole ya kwana Kaduna, ga kuɗin masauki tun ba a ji ƙugin jirgi ba.

To, a ce mun shiga. Kilomita 186, awa biyu da 'yan kai, mun sauka Kubwa ko Idu a Abuja. Daga nan fa? Dogo ya ƙare! Babban birnin ƙasa guda, amma babu layin da zai fitar da kai kudu. Na yi ta jujjuya taswira a waya kamar mai neman allura cikin rairayi. Akwai jirgi a Itakpe ta jihar Kogi, sai dai kafin ka kai shi sai ka sha mota ta hanyar Lokoja, kuma Warri zai kai ka, garin da ba ya cikin lissafina. In ka sauka Warri ma babu dogon da zai haɗa ka da Legas. Abin da ya rage shi ne wuni guda cur a mota daga Abuja zuwa Ibadan, sannan a nemi abin hawa zuwa Moniya a bayan gari, don a hau jirgin kilomita 157 zuwa Ebute Metta a Legas.

Na haɗa lissafi a gefen kalanda: kilomita 343 a jirgi, sauran duk kujerar mota da ramuka da shingayen hanya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan ai yawon mota ne aka ɗiga masa jirgi kamar gishiri." Na rasa bakin magana.

Na gwada juya tsarin, mu fara ta Legas mu hauro. Duk kanwar ja ce, giɓin yana nan inda yake. Layuka uku kamar ƙyallaye uku da tela ya yanka ya tafi salla bai dawo ba: na Abuja 2016, na Warri 2020, na Ibadan 2021. Kowanne an yanka masa kirtani da tafi da kakaki, amma babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ƙona min rai, kakana ya yi wannan tafiya ba tare da ya canza kujera ba. Tun 1911 dogo ya iso Kano. Ya shiga a nan da buhun guzurinsa, Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, ya haye kogin Kwara a Jebba, Ilori, Oshogbo, Ibadan, Abeokuta, har Iddo a Legas. Jirgin na rarrafe, a yi fiye da kwana a hanya, ƙurar Arewa ta cika hanci, amma garuruwan a jere suke kamar carbi. Shi bai taɓa zama da biro yana tsara zango ba, dogo ya riga ya tsara masa. Ni jikansa, mai waya da intanet da lambar NIN ta sayen tikiti, na kasa.

Ƙaramarsu ce ta ƙarasa ni. Ta ɗora yatsa kan kalandar ta ce, "Baba, a ina za mu kwana cikin jirgi?" Na ce mata babu kwana, Ummi, awa biyu ne. Na soke Ibadan, na soke Legas, na rubuta Rigasa zuwa Idu, Idu zuwa Rigasa. Maganar teku kuwa har yanzu ban faɗa musu ba.